Shekara Goma Sha Tara a Gefen Fili

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Littafin atisaye ne wannan. A cikin irinsa nake rubuta tsarin horon 'yan wasa tun da na fara aiki da Zaratan Fadama. Yau ba ni da atisayen da zan rubuta, amma hannu ya saba da biro a wannan lokaci, shi ya sa na buɗe.

Da safe Alhaji Abdulsamad, shugaban kwamitin ƙungiya, ya aiko da takarda. Layi huɗu ce. An dakatar da Maharazu Isa, mataimakin koci, har kwamiti ya gama bincike kan abin da ya faru ranar Asabar. Kada ya je fili. Na karanta sau biyu, na duba bayanta ko akwai ƙarin wani abu. Babu. Sunan Surajo, babban kocinmu, bai fito a ko'ina ba.

Ƙarfe huɗu na yi na tashi. Sai da na ɗaure igiyar takalmi ɗaya sannan na tuna.

Talata, 29 ga Oktoba, da hantsi

Mudassiru, yaron da ya faɗi a fili ranar Asabar, bai farka ba. Kwana uku ke nan.

Direban da ya kai shi Kano ne ya gaya mini a wurin mai shayi. Ya ce an yi masa aiki a kai, jini ne ya taru a ciki, yanzu yana ɗakin da ba a barin kowa shiga. Mahaifinsa Malam Baballe yana zaune a baranda tun ranar Asabar, ko gida bai zo ya canza riga ba. Direban yana magana yana kallon kofinsa. Sauran mutanen teburin, waɗanda kullum sai sun ja ni da musun ƙwallo, kowa ya sami abin dubawa a waya.

Shekararsa ashirin da uku. Shi ne lamba tara ɗinmu. Watan jiya aka ɗaura masa aure.

Laraba, 30 ga Oktoba, azahar

Na je gona. Shinkafa ta isa yanka, masu yanka sun ce sai Asabar. Na zagaya kunyoyi na dawo.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Gidan shiru. Matata Kubra tana Kumbotso wajen 'yarmu Rufaida, wadda aka yi wa tiyata wurin haihuwa. Sati biyu ke nan da tafiyarta. Ta kira ɗazu, ta ce jaririn yana da hancina, ta tambaya ko ina cin abinci. Na ce ina ci. Ta ce ya fili? Na ce lafiya lau.

Daga tsakar gida ana jin usur idan iska ta juyo. Yau ta juyo. Surajo yana busa shi da yawa. Na sha gaya masa idan ka yawaita usur yara sukan daina jin sa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan masallaci

Liman ya sa Mudassiru a addu'a. Da aka ambaci sunansa sahu biyu a gabana wani ya juyo ya dube ni. Ban san shi ba ma. Na fita ta ƙofar baya.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Sati guda.

An yanka shinkafa. Na yi ɗauri tare da masu aiki har gwiwata ta kumbura, da gangan. Gwiwar nan ita ta dawo da ni Kura. Ina da shekara ashirin na tafi Kano na kama wasa da ƙungiyar wata masaƙa, lamba biyar, tsakiyar baya. Shekara tara na yi a can. Akwai lokacin da aka kira sunana a rediyo sati uku a jere, mahaifiyata ta aika a kira maƙwabta su zo su ji. A Bauci wani ya shigo mini da ƙafa biyu, na ji ƙarar gwiwar kafin in ji zafinta. Shi ke nan. Na dawo na karɓi gonar babana.

Bayan shekara uku aka kafa Zarata, aka ce in zo in taimaka wa kocin da suka ɗauko, na ɗan lokaci. Koci huɗu na yi wa mataimaki. Duk wanda ya tafi sai a ce, Maharazu riƙe mana yaran kafin mu samo wani. In riƙe wata ɗaya, wata biyu, har mu ci wasanni, sai a kawo mai takardar kwas. Ban taɓa yin fushi a fili ba. Ni ke ja layin fili da toka, ni ke hura ƙwallaye, ni na san wanda uwarsa ba ta da lafiya da wanda ya zo bai karya ba. Koci ya faɗa, ni in isar. Ina da shekara hamsin da ɗaya, yara har yau Ƙaramin Koci suke ce mini.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan duka ba. Ba shi kwamiti zai tambaye ni ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da safe

Bai farka ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Surajo ya zo ya same ni a gona muna bugun shinkafa. Ya ajiye babur a bakin kanal, magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu, ya tsaya nesa da masu aiki, sai ni na je wurinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda yake yi tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, lokacin da na koya masa tare ƙwallo da ƙirji. Shekara uku da suka wuce ya dawo daga kwas da takarda, ya zama kocina. A fili ni ke ce masa Koci. A nan shi ya ce mini.

Ya rame. Ya ce ba ya iya cin abinci, ya ce shi ma yana son yaron, kuma na yarda. Ya daɗe yana zagaye kafin ya zo wurin. Ya riga ya gaya wa kwamiti cewa ni na shiga fili na duba Mudassiru, na dawo na ce lafiyarsa ƙalau. Yana so in bar maganar a haka. Wata ƙungiya a Kano tana nemansa, idan maganar ta shiga takardarsa an gama da shi.

“Koci, kai ba ka da lasisin da za a ƙwace,” in ji shi. “Idan abin ya lafa ni da kaina zan dawo da kai.”

Na kalli ruwan kanal. Na ce masa na ji. Ya ce na amince? Na ce na ji, Surajo. Ya tafi yana murna kaɗan, ina jin ya ɗauka amincewa ce. Ba laifinsa ba ne. Duk tsawon shekarun nan idan na ce na ji, abin da ake nufi ke nan.

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Na dafa shinkafa da mai da yaji. Ta yi yawa. Har yanzu ban iya awon mutum ɗaya ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Kubra ta ji. Wata 'yar Kura da ta je barka ce ta gaya mata.

“Baban Rufaida, a bakin mutane zan ji?” Abin da ta fara faɗa ke nan, ko gaisuwa babu.

Na ce ban so in ƙara mata damuwa ba. Ta ce kwana goma sha ɗaya ina ce mata lafiya lau. Ina jin kukan jaririn a bayanta. Sannan ta tambaye ni ko abin da ake faɗa gaskiya ne, wai ni na ce yaron ya koma. Na ce maganar ba ta waya ba ce. Ta ce ba za ta iya tahowa yanzu ba, ɗinkin Rufaida ya yi ruwa. Na ce ta zauna, na gane.

Na gane ɗin. Amma da ta ajiye waya na daɗe zaune da ita a hannu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mudassiru ya buɗe ido. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Mai tsaron ragarmu ne ya turo mini saƙo, shi kaɗai a cikin yaran. Ya ce ya gane mahaifiyarsa, amma bai yi magana ba tukuna.

Asabar, 9 ga Nuwamba, magariba ta kusa

Na je Kano. Na sayi lemo da ayaba a tasha. A asibiti na sami ɓangaren da Mudassiru yake, na hango Malam Baballe a kan tabarma a baranda, da amaryar Mudassiru, Rauda, tana wanke kwano a famfo. Yarinya ƙarama, lallen bikinta bai gama fita ba.

Ban ƙarasa ba. Na zauna a kan wani dakali ƙarƙashin dalbejiya, tsakanina da su kamar daga raga zuwa tsakiyar fili. Awa biyu. Malam Baballe ya gan ni, na tabbata, don ya daɗe yana kallon wajen. Bai yafuto ni ba, bai kuma kau da kai ba. Da aka kira la'asar ya tashi ya nufi masallaci ta wata hanyar.

Na ba wata mata mai jinyar ɗanta ledar. Na hau mota na dawo.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da safe

A zamaninmu idan kanka ya bugu ruwa ake zuba maka, a mare ka a kumatu, ka koma. Akwai wani wasa a Kano da ban tuna rabinsa na biyu ba har yau. An ce na cire ƙwallo biyu daga kan layi. Washegari kocinmu ya tsayar da ni gaban kowa ya ce ga namiji. Na sha ba yara wannan labari ina dariya. Mudassiru yana cikin masu son jin sa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, azahar

Takarda ta biyu. Kwamiti zai zauna Laraba ƙarfe goma a ofishin injin casar Alhaji.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Surajo ya kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Na wanke farar rigata na goge. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na je bakin kanal na zauna inda ruwa ke rabuwa biyu, ina kallon masu dashen tumatir har suka tashi. Babu wanda ya zo kusa. Shekara goma sha tara kowane gida a unguwar nan akwai yaron da na koya wa buga ƙwallo, yau in na bi layi sai in ji hira ta tsaya har in wuce.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

'Yan kwamiti su biyar ne a kan kujeru, Surajo a gefe, ni a tsaye har Alhaji ya ce a ba ni benci. Injin yana aiki a bayan bango, sai da na ɗaga murya. Zan rubuta abin da na faɗa sau ɗaya, ba zan sake ba.

Saura minti goma a tafi hutun rabin lokaci aka bugo kwana daga kusurwar fili. Mudassiru ya tashi, ɗan bayan abokan karawarmu 'yan Madobi ya tashi, kawunansu suka haɗu. Na shiga da ruwa. Ya miƙe da kansa, amma da na ce ya biyo ni gefe sai ya nufi ragarsu. Na kamo shi. Na tambaye shi sunan matarsa, ya dube ni ya yi murmushi bai amsa ba. Idonsa ɗaya bai yi daidai da ɗayan ba. Na je wurin Surajo na ce masa a kunne, yaron nan ba daidai yake ba, a cire shi. Surajo ya ce ana cin mu ɗaya, ya ƙarasa minti goman, a hutu sai a duba shi. Na ce to. Na koma na zuba masa ruwa a ka, na dafa bayansa na tura shi ciki da hannuna. Minti shida ya yi. Babu wanda ya taɓa shi, ya durƙusa a tsakiyar fili ya yi amai ya kife.

Alhaji ya ce, wato laifin Surajo ne. Na ce ban zo in ce haka ba. Surajo bai ga idon yaron ba, ni na gani. Shi ya ba da umarni, ni na san abin da na sani kuma na bi. A rubuta duka biyun.

Surajo bai musa ba. Bai ɗago kai ba har muka fito. A waje ya wuce ta gabana ya hau babur. Karo na farko tun yana yaro da ya wuce ni bai gaishe ni ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da safe

Na yi tsammanin zan ji sauƙi. Ban ji ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da yamma

Alhaji ya kira ni da kansa, wannan karon ba takarda. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ya ce kwamiti ya yaba da gaskiyata. An dakatar da Surajo wasa uku. Ni kuma sun ga shekaru sun ja, na yi wa ƙungiya hidima, lokaci ya yi da zan huta. Za su shirya mini walima idan abubuwa sun daidaita.

Na tambaye shi wa zai riƙa ja layin fili. Ban san me ya sa wannan ce ta fito ba. Ya ce za a samu.

Na miƙa masa makullin ɗakin kaya. Ya cije a zoben makullaina, sai da na sa haƙori.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, azahar

Sun yi wasa a Bunkure. Ban tambayi yadda aka tashi ba, ba wanda ya gaya mini.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

An sallamo Mudassiru. Daga nesa na ga motar ta shiga layinsu. Mutum biyu suka fito da shi. Ƙafar hagu ba ta bin sa, jan ta yake yi. An ce magana tana fitowa amma a hankali, kalma ɗaya ɗaya. Likita ya ce sai an riƙa kai shi Kano gashi da motsa jiki sau biyu a sati, sauran kwanakin kuma a riƙa tattaka shi a gida. Ƙwallo kam babu wanda ya ambata.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da safe

Na kai ƙofar gidansu na dawo.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da yamma

Na sami Malam Baballe a gonarsa ta albasa yana ba ta ruwa. Wata guda ba ta ga mai ita ba, ciyawa ta kusa cinye ta. Na yi sallama ya amsa, bai saki fartanya ba. Na tsuguna a kan kunya. Na ce na zo ne in gaya masa da bakina. Ya ce ya riga ya ji abin da na faɗa a kwamiti, amma in faɗa. Na faɗa duka, ban rage ba. Yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan har na gama.

Sannan ya miƙe ya dube ni.

“Maharazu, tambaya ɗaya zan yi maka. Da ɗan cikinka ne, ka ga idonsa haka, za ka mayar da shi?”

Ina da amsoshi. Haka aka yi mana, ba ni ne babba ba, minti goma ne kawai. Duk suna bakina.

“A'a, Malam,” na ce. “Da ban mayar da shi ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya koma kan ruwansa. Na jira har ƙafata ta sage, na ga babu sauran magana, na miƙe zan tafi. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, shi ƙugunsa ba ya ɗaukar nauyin yaron, 'yan'uwansa kuma mata ne. An ce a tattaka shi kullum da safe. Ni na san aikin ƙafa.

“Ban ce na yafe ba,” in ji shi. “Wannan tsakaninka da shi ne, idan ya iya magana. Asabar bayan gari ya waye.”

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan masallaci

Na gaya wa Kubra komai a waya, tun daga kwanar da aka bugo har gonar albasa. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce Juma'a mai zuwa za ta dawo, ko ɗinki ya warke ko bai warke ba, uwar mijin Rufaida za ta karɓe ta.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Rauda ce ta fito da shi zaure, ta sa masa hula don ta rufe ɗinkin. Ya dube ni ya daɗe. Ban san ko ya tuna ba, ban san abin da aka gaya masa ba. Bakinsa ya motsa sau biyu kafin ya ce, “Koci.” Na juya masa kafaɗa don ya dafa.

Muka fita ta bayan gida zuwa hanyar bakin kanal, inda ƙasa take a daddaɓe. Ya sa hannunsa na dama a kafaɗata, na riƙe shi ta ƙugu. Ya fi yadda nake zato nauyi. Na ce ya fara da mai lafiyar, ya jawo ɗayar, kada ya kalli ƙasa. Yaron da ba wanda ke kamo shi a guje a duk ƙaramar hukumar nan. Taku goma ya tsaya yana haki. Masu tafiya gona a kan babura suna rage gudu suna kallonmu, wasu su yi sannu, wasu su wuce. Malam Baballe yana biye da mu a baya, nesa kaɗan, hannuwansa a goye.

Mun kai wajen ƙofar ruwa, taku sittin da biyu. A dawowa ƙafar ta harɗe, ya tafi zai faɗi, na tare shi da gwiwata mai ciwo muka tsaya a haka muna rawa mu biyu har ya daidaita. Ya yi wani sauti, na zaci kuka ne. Dariya ce.

A ƙofar gida Malam Baballe ya karɓe shi daga hannuna. Bai yi godiya ba, ban kuma jira ba. Ya ce gobe ma wannan lokaci.

Na dawo gida na zauna a tsakar gida. Kafaɗata tana ciwo inda yatsunsa suka kama. Akwai man zafi a kan taga, ban shafa ba.